Godiya ga waɗanda suka tsaya mana ranar da muka hau tudu da yara da Duna

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah, yara lafiya ƙalau, karenmu Duna ma ya warware, yau da safe har ya jawo igiyarsa da baki yana neman a fita da shi. Kira da saƙonni sun yi yawa wallahi, in na ce sai na bi kowa ɗaya bayan ɗaya zan manta da wasu, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani.

Ga waɗanda ba su ji ba, ranar Asabar muka fita hawan tudu da iyali karon farko, ni da maman yara da yaran da karenmu. Ba wani dutse ba ne na a zo a gani, tudu ne mai sauƙi da hanya a share, irin wanda ake ce wa sababbin shiga su fara da shi. Mun hau lafiya, yara sun ga gari daga sama suna ta ihu, a saukowa ne hadarin da ya rufe rana tun safe ya washe, zafi ya taso lokaci guda, Duna ya fara haki irin wanda ban taɓa ji ba, harshe a waje, yawu ya yi kauri, ƙafafun baya suna rawa, can sai kawai ya kwanta a tsakiyar hanya ya ƙi tashi.

Godiya ta farko taka ce Yaya. Kai ka zaɓa mana hanyar, kai ka zauna ka yi mana lissafin lokaci da dokar nan ta masu hawan duwatsu wadda wani ɗan Sukotlan, William Naismith, ya fitar tun 1892, wato awa ɗaya ga kowace kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ka ce wannan na babban mutum ne mai ƙarfi, mai tafiya da yara ya ƙara sosai a kai, kuma ƙaramin cikinmu shi ne mai ba da saurin tafiya. Ka sa na sauke taswira a waya tun daga gida, kuma kamar ka sani, muna zagawa bayan tudun sabis ya ɗauke ɗif. Ka ce mu yanke lokacin juyowa ko mun kai sama ko ba mu kai ba. Wannan ne ya sa abin ya same mu da sauran rana, ba a cikin duhu ba. Allah ya bar zumunci Yaya.

Sai baiwar Allahn nan da maigidanta da suka iske mu a hanya, su ne dalilin wannan rubutun gaskiya. Ko sunansu ba mu tambaya ba saboda ruɗewa. Tana ganin Duna ta ce zafi ne ya buge shi, a ɗauke shi zuwa inuwa yanzu yanzu. Ta durƙusa a ƙasa da kayanta masu kyau, ta buɗe gorar ruwansu tana zuba masa a ciki da hammata da wuya da tafin ƙafa, ta cire hularta ta miƙa wa babbar 'yata ta ce yi ta fifita. Na ɗauko tawul na jiƙa zan lulluɓe shi ta riƙe hannuna ta ce a'a, lulluɓi riƙe zafin yake yi, a bar iska ta taɓa jiƙaƙƙen jikin. Ruwan sha kuma a tafin hannunta ta ba shi, kaɗan kaɗan, ta ce kar a ɗura masa. Duk tana yi tana yi wa yara bayani a natse, cewa kare ba ya gumi kamar mu sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa yake riga mutum galabaita. Wannan muryar tata ce ta tsayar da kukan yaran. Maigidanta kuma bai yi wata wata ba, ya shimfiɗa bargonsu muka ɗora Duna, shi gaba ni baya, har gindin tudun, ga gangara ga tsakuwa tana zamewa, bawan Allahn nan rigarsa ta jiƙe sharkaf amma ko sau ɗaya bai nuna gajiya ba. Ruwansu kaf suka ƙarar a kan karen mutanen da ba su sani ba. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya ba ku masu tsaya muku ranar da kuke buƙata.

Likita, kai ma mun gode. A waya ka ce mu kawo shi ko da ya miƙe yana tafiya, don irin wannan zafin yakan taɓa ƙoda daga baya ba a sani ba. Ka buɗe mana asibiti a lokacin hutunka, ka sa masa ƙarin ruwa, har kaska ka ciro masa a tsakanin yatsu wadda ni ko kusa ban gani ba. Ka ce zafin jikin kare digiri 38 zuwa 39 ne, in ya kai 41 rai ake magana, kuma sanyaya shi da aka yi tun a kan tudu kafin a shiga mota shi ne ya taimake shi. Dabarar da ka koya mana ta ɗora bayan hannu a kan dutse, in hannu bai jure ba to ƙafar kare ma ba za ta jure ba, yanzu yara har a tsakar gida suke gwadawa.

Maman yara, me zan ce miki. Ina fama da bargo ke kaɗai kika sauko da yaran, taku ƙanana, a karkace inda gangarar ta yi tsanani, kina tsayar da su suna kurɓar ruwa. Ke kika dage kowa ya sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa, ga shi ba wanda ya ko gurje gwiwa. Allah ya yi miki albarka. Ke ma babbar yaya da kika riƙe hannun ƙaninki har ƙasa ba ki sake shi ba, Baba ya gani.

Masu cewa daga yau a haƙura da fitar, na san ƙauna ce ta sa, na gode, amma za mu koma in sha Allah. Yaran nan sun ajiye waya da kansu suna tambayar sunayen tsuntsaye, ba zan raba su da wannan ba. Da sassafe za mu riƙa fita, a ranar da ba zafi, ruwan Duna daban da kwanonsa, shi kuma sai likita ya ba da izini tukuna.

Roƙona na ƙarshe, dan Allah duk wanda ya san ma'auratan nan, matar tana da shuɗiyar hular rana, mijin dogo ne mai furfura a gemu yana tafiya da sandunan hawa guda biyu, ya isar musu da wannan saƙon ko ya yi min magana ta inbos. Bargonsu da gorarsu suna wurinmu, an wanke an ajiye, kuma yara sun rubuta musu wasiƙa suna so su ba su hannu da hannu.