Motocin Biristol a bakin Kogin Gambiya

Daga Dakar na biyo hanyar Kaolack har iyakar Amdalai, sannan Barra, inda ake jiran jirgin fito zuwa Banjul. Aikin kwana-kwana na yi har na ajiye, shi ya sa duk garin da na sauka sai na nemi ofishin 'yan kashe gobara. A wannan karon kuwa labari ne ya jawo ni: an ce motocin da ke kashe wuta a Gambiya da yawansu sun taɓa yin aiki a titunan Biristol ta Ingila.

Washegari na shiga wani ofishi a wajen babban birnin. Motar farko da na gani sitiyarinta a dama yake, alhali a ƙasar hannun dama ake bi. Wani dattijon jami'i ya ga na tsaya ina kallo, ya ce, "Ɗan'uwa, kai ma ɗan gida ne ke nan." Ya ba ni tarihin: a 1991 wani jami'in hukumar kashe gobara ta Avon, yankin da Biristol take, David Hutchings, ya zo ƙasar hutu, ya ga hatsarin mota da ƙarancin kayan ceto, ya koma gida ya fara tara taimako. Daga nan haɗin gwiwar 'yan kashe gobarar Gambiya da na Avon, wato GAFSIP, ya tsiro, kuma jiragen ruwa suka riƙa kawo motoci da kaya.

Ɗakin ajiyar ne ya fi tsayar da ni. Riguna masu kauri a rataye, hulunan kwano duk sun sha ƙarzuwa, takalma a jere. Na juya wuyan wata riga na karanta shekarar da aka ɗinka ta. A Amurka ƙa'idar kula da tufafin kashe gobara, NFPA 1851, ta ce a daina amfani da irin wannan riga bayan shekara 10 da yin ta. Mai sa ta a nan ya san wannan sarai, amma ya san kuma yadda zafin wuta yake a fatar da ba ta da komai sai kaki.

Na tambaye shi me ya fi musu amfani a cikin kayan. Bai nuna mota ba. Ya kai ni bayan gini wajen injin cika tukwanen iskar da ake shaƙa a cikin hayaƙi. Ya ce tukunya komai kyanta, in babu inda za a cika ta, kuma ba a gwada ƙarfinta a kan kari, nauyi ce kawai a bayan mutum. Haka mesa: bakin haɗin da Ingila ke amfani da shi daban yake da Storz na Jamus, in kyauta ta zo daga wurare biyu sai ka ga mesa biyu sababbi sun ƙi kama juna ana tsakiyar gobara.

A ganina nan ne mutanen Avon suka yi dabara. Suna biyo kayan da ƙafarsu, su koyar da yadda ake yanka mota a ciro mutum, su zauna da bakanike, su tambayi abin da ya lalace kafin su sake loda kwantena. Mai aiko kaya sau ɗaya ya wuce, sau da yawa shara yake bar wa mutane.

Muna cikin hira ƙararrawa ta kaɗa. Wani saurayi ya zura rigar da ta ɗan yi masa yawa, ya naɗe hannu, ya haye. Dattijon ya ce wutar daji ce a gefen gari, ya nemi in jira su dawo mu ƙarasa maganar famfon motar ta biyu.