Tafiya kai kaɗai a lokacin annoba, da abin da za ka rubuta

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya. Kafin watan ya ƙare, ƙasashe irin su Maroko da Peru sun rufe iyakokinsu, dubban matafiya suka maƙale. Ƙannena masu sha'awar fita duniya, a irin wannan yanayi mai tafiya shi kaɗai ya fi sauƙin motsi: kujera ɗaya ta fi huɗu sauƙin samu a jirgin ƙarshe, kuma ba ya jiran shawarar kowa. Amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, babu mai miƙo masa ruwa. Shirin tafiyar duka a kan wannan ranar ake gina shi.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne lissafin gwaji. Idan ƙasa ta ce gwajin PCR (gwajin gano cutar da ake yi a ɗakin bincike) na awa 72, yawanci daga lokacin da aka ɗauki samfuri a hancinka ake ƙirgawa. Mutane da dama sun ɗauka daga fitowar sakamako ne, aka hana su hawa jirgi. A lokacin korona wasu ƙasashe sun riƙa ƙirgawa zuwa tashin jirgi, wasu zuwa saukarsa, kuma ƙasar da za ka yada zango tana iya samun nata sharaɗin ko da ba za ka fita daga filin jirgin ba. Dokar ma ba ta zama wuri guda: Amurka ta mayar da wa'adin gwajinta daga kwana 3 zuwa kwana 1 a Disamban 2021, bayan ɓullar nau'in korona mai suna Omicron. Saboda haka ka duba shafin gwamnatin ƙasar ranar sayen tikiti, ka sake dubawa daren tafiya. Wanda ya warke kuwa, PCR na iya ci gaba da nuna cutar makonni, wani lokaci har wata 3, don haka ya riƙe takardar likita mai shaida ya warke.

Kuɗin killacewa a ware su daban: masauki da abinci na kwana 14, da tikitin dawowa na biyu. A 2021 Birtaniya ta riƙa cajin mutum ɗaya fam 1,750 a otal ɗin killacewa. Inshora kuma a karanta ta layi-layi, domin da yawa ba sa biyan asarar da annobar da aka riga aka sanar ta jawo. Idan ka ji ƙishin-ƙishin ɗin soke jirgi, kada ka riga kamfanin sokewa. A dokar Tarayyar Turai, idan su ne suka soke kana da haƙƙin a mayar maka da kuɗinka. Ka bai wa mutum ɗaya amintacce kwafin fasfo, da sunan masauki, da lokacin da zai ji daga gare ka kullum.

To, sai rubutu. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai tuna masa, kuma kwanakin killacewa suna cuɗewa da juna cikin mako guda. Ka rubuta a daren, a littafin takarda, tunda waya na iya mutuwa ko ɓata. Kwanan wata da wuri su zo a farko, sannan takardar da jami'i ya nema, tsawon jira, da abin da aka biya. Ka raba abin da idonka ya gani da abin da direba ya faɗa maka. Masu nazarin annobar murar 1918 suna amfana da wasiƙu da littattafan talakawa saboda irin waɗannan ƙananan bayanai, ba don iya tsara magana ba.

Wallafawa ita ce mai haɗari. "Ana shiga babu gwaji" gaskiya ce yau, jibi kuma ta sa wani ya yi asarar tikiti, shi ya sa kowace doka da ka ambata sai da kwanan watanta. Kada ka saka hoton takardar hawa jirgi, lambar da ke jikinta tana ɗauke da bayanan tikitinka. Fuskar mara lafiya ko ma'aikacin asibiti sai da izininsa. Sunan masaukinka kuwa, ka bari sai ka bar wurin tukuna.