Ƙyallen da na yarda a yanka, da allon da na hana a taka

A unguwar Nima ta birnin Accra na tashi, kuma a nan na koyi riƙe buroshi wajen wani dattijo mai zana allunan shago, na masu aski da masu sayar da shinkafa da wake. Abin da ya koya mini shi ne zane yana ƙarewa ranar da fenti ya bushe. Da wannan fahimtar na rayu har na haɗu da wasu baƙi a bikin zane-zane da wasannin titi na Chale Wote, wanda aka fara yi a unguwar Jamestown a 2011: wata Bajamushiya mai shirya wasan kwaikwayo da ta daɗe zaune a Osu, da wani mai rawa ɗan Yamai, da wani ɗan Kwaddibuwa mai kula da fitilu.

Wasan da suke son yi ba shi da rubutaccen labari. A kan 'yan kayayo ne, 'yan matan da ke zuwa daga arewacin Gana suna dako a kasuwannin Makola da Agbogbloshie. Ni aka ba aikin zanen da zai tsaya a bayan dandamali. Mako uku na yi a kan yadi goma sha biyu na akoko, na zana kasuwa da jama'arta, har da gumin fuska.

Ranar gwaji na farko Bajamushiyar ta daɗe tana kallonsa, ta yaba, sannan ta ce a kawo almakashi. So take a tsaga shi tsaga-tsaga a yi gammo da shi.

Ban ce komai ba, na kama hanyar gida raina a ɓace. Da yamma na kai kuka wajen maigidana. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kai yaro, allon da ka zana wa mai aski, rana da ruwa ba sa cinsa? Ka taɓa zuwa ka ce a maido maka?" Na ce, "A'a, Baba." A daren na tuna 2016, lokacin da Ibrahim Mahama, wani mai fasaha ɗan Gana, ya lulluɓe ginin gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da tsofaffin buhunan koko da gawayi. Darajar buhunan nan a wahalar da suka sha take, a ɗinki da yagewa da hannuwan da suka bi ta kansu.

Na koma, na yanka da hannuna. Ɗan Yamai ya naɗe tsaga ɗaya ya ɗora a ka, ya yi ta tafiya da kwano babu komai a ciki kamar mai ɗauke da buhun masara, sannan ya sauke ya warware gammon a hankali. Sai ga rabin fuskar wata mai tumatir ta bayyana. Ni na zana ta, amma ban gan ta sosai ba sai a lokacin. Daga nan na daina zane a ɗaki ni kaɗai. Ina zama wajen gwaji tukuna, in ga inda jiki ke lanƙwasa. Na koyi tsinka fenti don kada ya tsage idan an naɗe ƙyalle, na kuma gane cewa jar fitila tana haɗiye jan fenti, shuɗi kuwa ta mayar da shi baƙi.

Abu na biyu ya fi nauyi. Bajamushiyar ta ga alluna a wata makarantar allo a unguwarmu, siffarsu ta burge ta, ta ce a shimfiɗa su a ƙasa su zama hanyar da 'yan wasa za su taka. Kwana biyu na yi shiru, kuma na san dalili: su ke biya, ni ɗan aiki ne. Ɗan Yamai ne ya ja ni gefe ya ce, "Malam, idan ni da kai ba mu faɗa ba, wa zai faɗa?"

Na faɗa mata. Na yi mata bayanin abin da ake rubutawa a allo, da yadda ake wanke shi ba a bar ruwan ya zuba inda ƙafa ke bi ba. Ba ta yi musu ba, tambayoyi ta yi ta yi. Ban ga mugunta a wajenta ba. Idon baƙo siffa yake fara gani, ma'ana sai an gaya masa, kuma da na ci gaba da shiru, laifin nawa ne. Muka sa kafinta ya yanko sababbin alluna da tawada ba ta taɓa hawa ba, na yi musu zayyana babu harafi ko ɗaya, aka rataye su sama da kawunan 'yan wasa.

Daren wasa, wasu 'yan kayayo biyu da muka gayyata suka zauna a layin gaba. Da aka tashi, ɗayarsu ta zo ta ɗauki gammon nan mai rabin fuska, ta matsa shi da yatsu, ta ce ya yi laushi, nata ya tsufa. Na ce, "Ɗauki, ƙanwata." Ta naɗe shi ta sa a cikin kwanonta, suka fita neman motar Agbogbloshie.