Wata uku ina tura saƙo, ashe ludayin ba a hannunsu yake ba

Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu wallahi. Ɗalibaina ne 'yan SS2 nan Sakkwato, kullum sai ka ga wata ta kifa kai a benci wai jiri, in ka duba cikin idonta fari fat. Ɗaya da aka kai asibiti aka auna, sinadarin haemoglobin (wanda ke nuna ƙarfin jini) na jikinta bai kai 12 ba, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa 'yan mata kenan. Shi ne na buɗe musu guruf a WhatsApp kan ƙarancin jini.

Na yi ta zuba rubutu da hotuna, ku ci hanta, ku ci wake da zogale da alayyahu, a matsa lemun tsami a kwaɗo don jiki ya fi jan sinadarin ayon mai gina jini, a daina kora abinci da shayi don yana hana shi shiga jiki. Datana, barcina, wata uku cur.

Ranan wata uwa daga unguwar Mabera ta kira ni, ashe ma wayarta ce yarinyar ke ara. Ta ce "Malama, mi kika hwaɗa ma ɗiyata? Ta ishe ni da zancen hanta, ita ka cefane ko ni?" Na yi shiru, don gaskiyarta. Yarinya 'yar shekara 16 ba ita ke zuwa Kasuwar Daji ba, ba ita ke raba nama a miya ba, abin da aka zuba mata shi za ta ci. Ni kuma na zauna ina ta rubuta dogon bayani da boko wanda rabin iyayen ba za su tsaya karantawa ba, wata uku fa!

Na koma saƙon murya na minti ɗaya, da sallama da gaisuwa, Inna nake wa magana kai tsaye. Na rage zancen hanta na kama abin da ke cikin gida, gero, wake, zogale da ƙuli. Nan tambayoyi suka ɓarke, har wata ta ce za ta sayo wa ɗiyarta maganin ƙarin jini a kemis, da na bincika ashe yarinyar sikila gare ta, na roƙe ta don Allah kar ta ba ta sai likita ya auna. Da guruf ɗin yara kaɗai na riƙe, ina zan ji wannan?

Uwar nan ta Mabera yanzu ita ke tura saƙonnin a guruf ɗin Islamiyyarsu.