Akwatin jarida a bakin titi: yadda biranen Amurka ke tsara shi, da wuraren da dokar ke tuntuɓe

Tun daga 1947, lokacin da George Hemmeter ya ƙera akwatin sayar da jarida mai karɓar tsabar kuɗi, jaridun Amurka suka samu hanyar sayar da kayansu ba tare da ɗan talla ya tsaya a rana ko a sanyi ba. Akwati ne na ƙarfe, tsayinsa ya kai ƙugun mutum ko ya ɗara, da ƙofa mai gilashi inda ake saƙala kwafi ɗaya domin mai wucewa ya ga kanun labarai. Ka jefa sulalla, makulli ya saki, ka ja ƙofar ka ɗauki jaridarka, sifirin ya mayar da ita ta rufe. Mun saba da mai jarida da ke shimfiɗa kayansa a tebur ya danne su da dutse, in yamma ta yi ya naɗe ya tafi gida. Shi kuwa akwatin nan yana wurin dare da rana, a kan daɓen masu tafiya a ƙasa, wanda filin jama'a ne. Daga nan rigimar ta taso.

Hukumar birni tana da hurumin sa ido, domin ita ke da alhakin hanyar, kuma ita za a kai ƙara in wani ya yi tuntuɓe ya karye. Sai dai gyara na farko na kundin tsarin mulkin Amurka ya kare 'yancin 'yan jarida, kotuna kuma sun daɗe da cewa kariyar ta haɗa da raba jaridar, tun da jaridar da ba ta isa hannun mai karatu ba daidai take da wadda ba a buga ba. Abin da aka yarda hukuma ta yi shi ne ta tsara lokaci da wuri da yanayi, bisa sharuɗɗa uku: kada dokar ta duba abin da ke cikin jaridar, kada ta wuce gona da iri, kuma ta bar wa jaridar wasu hanyoyin isa ga jama'a. Dokar da ta faɗi a kotu, in ka bincika, sau da yawa za ka tarar ta saki awon akwatin ta koma kallon abin da ke cikinsa, ko ta bar wa wani jami'i ƙofar yin haka.

Garin Lakewood, da ke maƙwabtaka da Cleveland a jihar Ohio, ya yi doka cewa duk mai son ajiye akwati sai ya nemi izini kowace shekara wajen magajin gari. Magajin garin yana iya hanawa muddin ya faɗi dalilinsa, yana kuma iya ƙara duk sharaɗin da ya ga ya dace. Jaridar Plain Dealer ba ta ma nemi izinin ba, kotu ta nufa. A 1988 Kotun Ƙoli, da alƙalai huɗu a kan uku, ta soke wannan sashe. Hujjar a fili take. Editan da ya san cewa baɗi sai ya koma gaban magajin gari neman sabunta izini zai fara tauna kalmominsa tun bana, ko da magajin garin bai taɓa yi masa barazana ba. In kuma aka hana shi, ba yadda zai tabbatar cewa saboda sharhinsa ne, domin babu ma'aunin da za a gwada hukuncin da shi. Saboda haka duk mai rubuta irin wannan doka ya guji kalmomi irin su "idan ya ga dama" ko "gwargwadon abin da ya dace". A rubuta cewa jami'in dole ya ba da izini in an cika sharuɗɗa kaza, cikin kwanaki kaza, in kuma ya hana ya nuna lambar sharaɗin da aka saɓa.

Shekara biyar bayan haka Cincinnati, ita ma a Ohio, ta faɗa wani ramin. Birnin ya ce akwatuna sun yi yawa, suna ɓata kyawun titi, sai ya janye izinin kamfanoni biyu masu raba mujallun talla kyauta. Discovery Network na tallata kwasa-kwasan manya, Harmon Publishing kuma na tallata gidajen sayarwa. Akwatunansu 62 ne, alhali birnin na ɗauke da tsakanin 1,500 zuwa 2,000. A 1993 Kotun Ƙoli, shida a kan uku, ta ce wannan ba tsari ba ne. Akwatin mujallar talla da na jaridar labarai wuri ɗaya suke ci, muninsu ɗaya, haɗarinsu ɗaya, kwashe 62 kuma ba zai sauya komai a titi ba. Da birnin ya ƙayyade girma ko siffa ko yawan akwatuna ga kowa da kowa, da ya tsira. Hukuncin ya yi daidai, kuma ya fi amfanar ƙananan jaridu, waɗanda su ne farkon waɗanda ake sharewa duk lokacin da aka ce a rage cunkoso.

To, me ya rage wa hukuma? Abin awo, kuma ba ƙaramin iko ba ne. Dokar birnin New York ta 2002 misali ce mai kyau. Akwati guda kada ya wuce inci 50 a tsayi, inci 24 a faɗi, inci 24 daga gaba zuwa baya. A ajiye shi tsakanin inci 18 da 24 daga bakin titi. Kowace lamba da dalilinta: in ya matso ƙasa da inci 18, ƙofar motar da ta yi fakin za ta buge shi, mai fitowa kuma ya rasa inda zai sa ƙafa, in ya wuce 24, ya fara cin hanyar jama'a. Dole a bar ƙafa takwas, wato kusan mita biyu da rabi, fili fetal don masu wucewa. Ba a ajiye shi a ƙasa da ƙafa 15 daga famfon 'yan kwana-kwana, domin suna bukatar wurin juya mesa kuma ba su da lokacin ture akwati. Ba a sa shi a tashar bas, ko a mashigar tsallaka titi, ko a kan murfin ramin wayoyi da bututu.

Kuskuren da masu awo suka fi yi shi ne auna akwatin a rufe. Ƙofar tana buɗewa ne ta ɓangaren masu tafiya, domin bayan akwatin ya kamata ya fuskanci kwalta, kada mai saye ya tsaya a gaban mota. Mutum ya sunkuya, ƙofa a buɗe, jakarsa a gefe: wannan duka fili ne da aka cinye, kuma a hanya mai ƙunci shi ke tura mai keken guragu ya sauka kan titi. Dokar kare haƙƙin nakasassu ta Amurka ta 1990 ta haifar da ƙa'idar barin aƙalla inci 36 don keken ya wuce, sabbin ƙa'idojin hanyoyin jama'a na 2023 kuma sun kai shi inci 48. Akwai kuma batun makafi, wanda akasari ake mantawa da shi. Ƙa'idar ta ɗauka cewa sandar makaho tana gano abin da bakinsa na ƙasa bai wuce inci 27 daga daɓe ba. Akwatin da aka ɗora a kan ƙafa ɗaya siririya, gangar jikinsa ta fara daga sama da wannan tsayi ta kuma yi fiffike hagu da dama, sanda za ta wuce ta ƙarƙashinsa ba ta taɓa komai ba, sai mutum ya ji ƙarfe a ƙirjinsa. Maganin mai sauƙi ne: a sauko da gindin, ko a sa masa faranti mai faɗin jikinsa a ƙasa.

Yadda za a kafe shi ma aiki ne. Akwatin roba na jaridun kyauta ba shi da nauyi, iska ko hannun yaro na kayar da shi, don haka ake zuba masa yashi ko bulo a ciki. Na ƙarfe ana ɗaure shi da noti a daɓe, amma huda daɓe na bukatar izini, ranar cire shi kuma dole a yanke ƙusoshin a cike ramukan, in ba haka ba an bar wa jama'a tarko. Sarƙa ita ce mafi arha kuma mafi ɓarna. Tana kankare fentin sandar fitila har tsatsa ta shiga, tana cin ɓawon bishiya, tana hana ma'aikaci buɗe murfin sandar in zai gyara waya. Shi ya sa dokoki da yawa suka hana ɗaure akwati a bishiya ko famfo ko alamar titi.

Kuɗin izini ya halatta muddin bai wuce abin da hukuma ke kashewa wajen rajista da dubawa ba. In ya zama hanyar tara haraji, kotu na iya soke shi. Inshora ma haka, kada a ɗora wa jarida nauyin da ba a ɗora wa sauran masu amfani da gefen titi ba. Launi da rubutu kuwa hukuma na da faɗin hannu: a 1994 kotun ɗaukaka ƙara ta amince wa Coral Gables a Florida ta tilasta launi iri ɗaya da iyakar girman haruffa. Har hani baki ɗaya ya taɓa tsayawa, a unguwar tarihi ta Beacon Hill a Boston, a 1996, domin ya shafi kowa, unguwar ƙarama ce, kuma ana samun jarida a shagunan kusa. Wannan ba lasisi ba ne ga birni ya share duk titunansa.

Inda wuri ya yi kaɗan, kamar bakin tashar jirgi, wasu biranen, San Francisco na cikinsu a da, sun koma kafa babban akwati ɗaya mai ɗakuna da yawa. Titi na yin tsaf, amma tambayar wa zai samu ɗaki ta dawo. Fifita jaridar kullum a kan ta mako yana da ma'auni, sai dai yana tura ƙanana ƙarshen layi. Mafi adalci a bar wa waɗanda ke wurin tun da gurbinsu, sauran a jefa ƙuri'a a bainar jama'a, a kuma sake rabon lokaci-lokaci.

Yau matsalar ta juye. Cinikin jaridar takarda ya ja baya, farashi ya wuce abin da mutum zai ƙirga da sulalla a aljihu, kamfanoni sun rufe sun bar akwatunansu. Gilashi ya fashe, an cusa kofunan shayi da ledoji a ciki, ruwan sama ya kwanta a gindi. Kowa na so a kwashe su, amma ba a kwashewa da ka. A 1977 Kotun Ƙolin Kalifoniya, a ƙarar da Kash Enterprises ya shigar a kan Los Angeles, ta soke sashen da ya ba jami'ai damar ɗauke akwati ba tare da sanarwa ko sauraron mai shi ba. Don haka aikin na farawa ne tun ranar rajista: suna da adireshi da lambar waya a manne a jikin kowane akwati, da taswirar inda yake. In an ga saɓawa, a liƙa takarda a jikinsa, a aika wasiƙa, a ba da wa'adin gyara, kwana bakwai zuwa goma ya wadatar, tare da damar neman a saurare shi. Wa'adi ya cika, a ɗauke, a adana a ma'ajiya na wani lokaci, mai shi ya biya kuɗin ɗauka ya karɓa. Wanda ya faɗi a kan titi ko ya tare mashigar keken guragu ne kaɗai ake ɗaukewa nan take, a sanar daga baya.

Ma'anar "wanda aka yasar" ma sai an rubuta ta da lura. Akwatin jaridar kullum da aka tarar babu komai da yamma wataƙila an saye ta ne kaf, na mujallar wata-wata kuma yana iya yin mako biyu a wofi bisa al'adarsa. Wa'adin ya bi yawan fitowar jaridar, mai dubawa kuma ya je aƙalla sau biyu a ranaku daban-daban, ya ɗauki hoto mai kwanan wata kowane zuwa, kafin ya liƙa takardar farko.