Gudan jini ne ko ƙari?

Daren Alhamis aka kawo shi asibiti, matashi ɗan acaɓa, mota ta buge shi ta ɓangaren dama. Haƙarƙari uku sun karye, hanta ta ɗan tsage. Ina bin hotunan siti sikan ɗinsa, masu nuna cikin jiki yanki-yanki, ɗaya bayan ɗaya sai ga wani dunƙule kamar ƙwan zabo a saman ƙodar dama, daidai mazaunin adirinal. Wannan 'yar halitta tana zaune a kan ƙoda kamar hula, nauyinta giram 4 zuwa 6 ne kacal, amma sinadaranta ne ke daidaita gishirin jiki da ƙarfin jini.

Kafin gari ya waye, wani ya riga ya furta kalmar "ƙari" a gaban iyalinsa. Mahaifinsa ya tare ni a baranda, hannunsa na rawa. "Likita, don Allah kada ka ɓoye mini, daji ne?" Na ce, "Baba, zo ka zauna in nuna maka."

Abu na farko, gefen da abin ya faru. Adirinal ta dama ita ta fi zubar da jini a haɗari, domin tana matse tsakanin hanta da ƙashin baya, kuma jijiyarta gajera ce, kai tsaye take shiga babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Da an danne ciki da ƙarfi, matsin a kanta yake sauka.

Sai na ɗora ma'auni a kan dunƙulen. Muna auna duhu da hasken hoto da lambar Hounsfield: ruwa sifili, kitse ƙasa da sifili. Ƙarin nan marar illa da ake kira adinoma yakan cika da kitse, sau da yawa ba ya wuce 10. Sabon jini kuwa yakan tsaya tsakanin 50 da 90. Na yaron nan 64. Da aka yi masa allurar da ke haska jijiyoyi, dunƙulen bai sha ko ɗigo ba, shi kuwa ƙari mai rai yana sha. Kitsen da ke kewaye ma ya yamutse, alamar bugu.

Duk da haka ban ce masa an gama ba. Ƙari yana iya ɓuya a cikin jini, ya fashe ranar haɗarin. Wanda nake tsoro shi ne fiyokuromosaitoma, ƙari mai zuba sinadarin adirinalin da ke ɗaga ƙarfin jini. Idan aka soka wa irin wannan ƙari allura don ɗebo nama ba a gwada jini ko fitsari ba, hawan jini na iya tashi nan take, har a rasa mutum. Shi ya sa na rubuta a rahoto kada a taɓa, a maimaita hoto bayan wata uku. Jini yana tsotsewa, ƙari ba ya ja da baya.

A nan ne raina ke ɓaci, don da yawa ba sa dawowa. Ciwo ya lafa, kuɗin hoto ba kaɗan ba, ga bakuna a gida. Wannan dattijo dai ya dawo da ɗansa, sai da ya sayar da akuya biyu. Dunƙulen ya koma kamar ƙwayar gyaɗa, lambarsa ta sauko. Na juya masa allon, na jera tsohon hoton da sabon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. To likita, yaushe zai hau babur?"