Daga wankin mota zuwa tsara wa mutane kuɗinsu

Jiya na tsinci tsohuwar safar hannuna a akwati, wadda nake wankin mota da ita a Bronx da ke birnin New York a 2012, wallahi sai da na zauna na yi shiru. Na shigo Amurka da bizar caca ina ganin da na sauka shi ke nan kakata ta yanke saƙa, ashe mu biyar ne a ɗaki ɗaya, sanyin Janairu kuwa ba a magana yatsuna har tsagewa suke, gida kuma ana ta bugo waya a turo na azumi.

Wahalar aikin da sauƙi, rashin sani ne ya fi ƙona min rai. Shekara uku ina gadi a wani kamfani ban shiga asusun fansho na 401k ba, alhali in na zuba kamfanin zai ɗora min nasa a kai, ba wanda ya gaya min. Mu adashi kawai muka sani.

Haushin nan ne ya kai ni karatun dare har na haɗa digiri, sai jarabawar CFP, wato ta samun shaidar ƙwarewa wajen tsara wa mutane kuɗinsu, tambaya 170 cikin awa 6, karon farko na sha ƙasa, na biyu Allah Ya dafa. Ga awa 6,000 na aiki da suke nema kafin su ba ka shaida.

Yanzu yawancin masu zuwa ofis direbobin tasi ne, 'yan uwanmu na Gana da Nijar, kuma tambayar farko kullum, Malam babu dai kuɗin ruwa a ciki ko? Safar kam madam ta ce in yar, na ƙi.